Jakunan Kasba da masu cewa a rushe a yi titi

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a shagon wani abokina mai sayar da kayan gini, talabijin na kunne ba mai kula ta, sai wata tasha ta kawo rahoto daga Aljiyas, babban birnin Aljeriya. Da sassafe aka ɗauki hoton. Ga jakuna a jere, kowanne da mangala, suna bin wasu matakalun dutse a cikin lungun Kasba, tsohuwar unguwar birnin, masu shara na biye da su suna loda musu.

Abokin nawa ya ajiye kofin shayi ya ce, "Kai jama'a! Ƙasa mai fetur da gas, a ce da jaki ake kwashe shara a babban birninta? Malam, ai katafila biyu sun isa. A baje wajen nan a shimfiɗa kwalta, kowa ya huta."

Aka yi dariya. Ni ma na ɗan murmusa don kada a ce na cika gardama, amma maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Ra'ayina shi ne abokina bai yi daidai ba. Matakalar da ke cikin gari mai tudu titi ce, haƙƙinta ɗaya da na titin kwalta: a gyara ta, a haska ta, a share ta, a sa ta cikin kasafin kuɗi. Abin da ke cin unguwar nan da ake kira Kasba sakaci ne. Maganin "a rushe a yi titi" kuwa an riga an sha shi a wannan gari tun 1830, kuma an ga abin da ya haifar.

Me ya sa tun farko aka yi matakala?

Tsohon birnin Aljiyas a jikin tudu yake, fuskarsa na kallon Bahar Rum. Daga bakin ruwa zuwa fadar da ke can ƙololuwa akwai tsayin mita 118. Ka ƙiyasta bene mai hawa kusan 40, sannan ka jingina gari guda a jikinsa.

Bulugin ɗan Ziri ne ya kafa birnin a ƙarni na 10, a kan kufan wani tsohon gari na Finisiyawa da Rumawa. Babban Masallacin da ke ƙasa kusa da ruwa yana nan tun 1097. Amma yawancin abin da ido ke gani a yau ginin zamanin Turkawa ne, bayan zuwan 'yan'uwan nan biyu, Aruj da Hairuddin Barbarosa, a 1516. A 1529 Hairuddin ya ƙwace tsibirin da Sifaniyawa suka kafa sansani a kai, ya haɗe shi da gaɓa, tashar jiragen ruwa ta samu. Dukiya ta shigo, mutane suka ƙaru. Ganuwa ta hana gari faɗi, teku ta tare gabansa, sai ya yi sama.

Mutanen garin da kansu sun raba shi biyu. Ƙasan suna ce masa Wata, wato shimfiɗaɗɗen wuri, inda kasuwanni da gidajen sarauta da manyan masallatai suke. Saman kuwa Jabal, wato dutse, inda jama'a ke kwana. Tsakaninsu sai matakala. Babbar hanyar da ke hawa zuwa fada ita kaɗai tana da matakai fiye da 400.

Wanda ya taɓa tura baro cike da bulo a gangara ya san dalili. Hanya in ta cika tsayuwa ba ta biyuwa, ko ta ja ka ko ta tunkuɗa ka. Sai an datsa ta mataki-mataki ƙafa ke samun wurin tsayawa, jaki ma haka. A zamanin Turkawa mutanen Biskra ne suka shahara da dako da ga-ruwa a birnin, a kan waɗannan matakalu suke hawa da tuluna daga famfunan unguwa zuwa gidaje.

Akwai wani abu kuma da mai kallon talabijin ba zai lura da shi ba. Gidajen ma matakala ne. Kowane gida ya ɗan ɗara na gabansa tsayi, ta yadda daga kan kowane soro ana hango teku, iska na shiga. Saman soron nan wurin mata ne, nan ake shanya, nan ake hira da maƙwabta ta kan katanga. A ƙasa kuma akwai sakifa, ɗakin shiga da ke kare idon baƙo daga tsakar gida. Bahaushe in ya gan ta ba sai an yi masa bayani ba, zaure ne.

Bayan girgizar ƙasar 1716, wadda ta yi wa birnin mummunar ɓarna, an sake gini da dabarar jera itatuwa a cikin bango da tokare benaye da su. Gida na jingine da gida, wani wurin ma ɗaki ne ya haye kan lungu ya haɗe gidaje biyu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An taɓa kawo katafilar

Ba katafila ba ce a lokacin, diga ce da gatari, amma aikin ɗaya ne.

A 1827 Husaini Dey, mai mulkin Aljiyas, ya bugi jakadan Faransa da mafici a kan rigimar bashin alkama da Faransa ta ƙi biya. Aka riƙe wannan hujja. Ranar 5 ga Yuli 1830 birnin ya faɗa hannun sojojin Faransa. Abu na farko da ya dame su shi ne babu filin fareti, kuma keken doki da igwa ba sa shiga lungu. Sai suka fara rusau daga ƙasa. Suka rushe gidaje da kasuwanni da masallacin Sayyida, suka buɗe filin da yau ake kira Dandalin Shahidai. Suka faɗaɗa hanyoyin Bab Azun da Bab el-Wad. Masallacin Kecawa suka ƙwace shi a 1832, aka mai da shi coci, bai dawo hannun Musulmi ba sai 1962. Daga baya aka tsaga wasu tituna a tsakiyar unguwa, irin su titin Randon, aka raba sama da ƙasa.

Wa aka yi wa waɗannan tituna? Ba tsohuwar da ke Jabal ba. Ita dai an rushe kasuwarta, an kori maƙwabtanta na ƙasa sun hauro sun cunkushe a sama, matakalarta kuma tana nan yadda take.

Abin dariyar shi ne, tudun bai ji tsoron Faransawa ba. Da suka so hawa da keken doki, dole suka fita bayan ganuwa suka yi hanya mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, wadda suka sa wa sunan Rovigo. Da suka rushe ganuwar kudu suka ce za su yi babban titi a gurbinta, da aka gama sai ga shi matakala ce, faffaɗa, mai hawa-hawa. Suka kira ta titin Gambetta. Yau sunan Urida Maddad ke kanta, yarinyar da ta rasu a hannun sojojin Faransa a 1957. Injiniyoyin da suka zo koya wa mutane gini, ƙarshe abin da suka tarar shi suka kwaikwaya.

Sai kuma yaƙin neman 'yanci. A 1957 sojojin laima na Faransa ƙarƙashin Janar Massu sun kewaye Kasba da waya mai ƙaya, suka kafa shinge a kowace mafita. Motarsu ba ta shiga, sai a ƙafa, a lungun da ba su sani ba, mutanen da suke nema kuwa na tsallakawa daga soro zuwa soro. Ranar 8 ga Oktoba na shekarar suka tayar da gidan da ɗan gwagwarmaya Ali Ammar, wanda aka fi sani da Ali La Pointe, ya ɓuya tare da Hasiba Bin Bu'ali da Mahmud Buhamidi da yaron nan Umar. Gidajen maƙwabta suka rufta tare da mutanen ciki. Titin Randon ɗin can, yanzu sunan Ali Ammar ne a jikinsa.

Ban kawo wannan don in ce duk mai son titi ɗan mulkin mallaka ba ne. Abokina mutumin kirki ne, siminti kawai yake son sayarwa. Na kawo ne don a san cewa ɗan Aljeriya in ya ji an ce a rushe Kasba, ba sabuwar magana ya ji ba.

"To, tsofaffi da marasa lafiya fa?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi mata kwana ba.

Mai ciwon gwiwa da ke zaune a mataki na ɗari uku fursuna ne a gidansa. Mace mai naƙuda da tsakar dare sai an ɗauko ta a hannu zuwa inda mota ke iya tsayawa. Mai keken guragu ba shi da ta cewa. Tukunyar gas, buhun gari, firiji, duk a kafaɗa. Duk wanda ya ce wannan ba wahala ba ce, bai taɓa hawa da mahaifiyarsa bene mai hawa uku a asibiti ba ranar da lif ya lalace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da yawa daga mazauna Kasba in aka ba su gida a shimfiɗaɗɗen wuri gobe za su kwashe kayansu. Ba na ganin laifinsu.

Amma a duba me titin zai yi wa tsohuwar nan. Mota ba ta hawa tudu a miƙe, sai ta yi ta kewaye. Kowace kwana tana cin fili. Kafin a kai kwalta ƙofar gidanta, an rushe gidan nata da na mutum hamsin. Kuma ka tuna gidajen jingine suke da juna. Ka zare ɗaya, na kusa ya fara tsagewa. Ƙarshenta za a kai ta wani dogon bene a bayan gari, hawa na shida, inda lif ke aiki yau gobe ya tsaya. An sayar da kare an sayi biri ke nan. A Kasba aƙalla akwai mai shagon da ya san ta, da yaran maƙwabta masu ɗaukar mata kaya.

Abin da take bukata ba ya kai kuɗin titi. Ƙarfen riƙewa a jikin bango. Dakali a kowane 'yan matakai don a huta. Fitila mai ci. Matakai masu tsayi ɗaya, ba wannan ya zaizaye wancan ya ɓalle ba. Ƙaramin ɗakin shan magani a saman unguwa, kada sai an gangaro. Famfunan kashe gobara a cikin lungu, tunda motar 'yan kwana-kwana ba za ta shiga ba.

Na'ura ma tana da wurinta. Aljiyas ba baƙuwar motar igiya ba ce, wadda suke kira teleferik: tun 1956 akwai mai ɗaukar mutane daga unguwar Balwizdad zuwa tudun Madaniya, kuma an ƙara wasu daga baya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso Dandalin Shahidai a 2018, a gindin Kasba. A Balfaraiso ta ƙasar Chile, wani garin tudu a bakin teku, tun 1883 suke da keken da ake ja da igiya a jikin gangara, a gefen matakalunsu. A Medellin ta Kolombiya an kafa matakala mai tafiya da lantarki a unguwar talakawa a 2011. Duk waɗannan sun rage wa mutane hawa, kuma unguwannin na nan a tsaye.

Wani ya tambaye ni a shagon yadda ake yi da gawa. Yadda muke yi. A kafaɗa ake ɗaukar makara ko a Kano ko a Aljiyas, ana karɓa-karɓa, kuma makabartar El Kettar tana can kan tudu kusa da unguwar.

Batun jaki

Ban san ranar da jaki ya zama abin kunya ba. Lungun da faɗinsa wani wurin bai wuce mutum biyu su gifta ba, ga hawa, wace mota ce za ta shiga? Tun zamanin Turkawa jakuna ke wannan aiki. Yau ma hukumar tsaftar birni ce ke riƙe da su, da ma'aikata masu albashi. Kwandunan da ake rataya musu suna ce musu shuwari. Su cika, su kai inda babbar mota ke jira, su dawo.

Ma'aunin kwashe shara ɗaya ne: an kwashe ko ba a kwashe ba? Na san unguwanni masu faffaɗan titi da motar shara ba ta leƙa su sai an yi wata, bola ta cinye rabin kwalta. Wanda ke zaune a irin wannan wuri bai kamata ya yi wa jaki dariya ba.

In akwai abin tambaya, shi ne ko ana ciyar da dabbobin, ana duba lafiyarsu, ba a yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu, da kuma ko albashin masu binsu ya kai wahalar gwiwarsu.

Abin da ke rushe Kasba

A nan ne nake ganin ya kamata a yi fushi, ba a kan jaki ba.

UNESCO ta sa Kasba cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. An ayyana ta yanki mai kariya a 2005, an amince da tsarin ceto ta a 2012. Har rana aka ware mata, 23 ga Fabrairu. Takarda dai ba a rasa ba. Amma a watan Afrilu na 2019 wani bene ya rufta kusa da Masallacin Kecawa, mutum biyar suka mutu. Masallacin kuwa bai daɗe da shan gyara mai kyau ba da taimakon Turkiyya. Masallaci na ƙyalli, gidan maƙwabcinsa na kashe mutane.

Ruwa ne babban maƙiyi. Bututu ya fashe a ƙarƙashin matakala, ba mai gyarawa, ruwa ya yi ta tsiyaya cikin harsashin ginin ƙasa da farar ƙasa shekara da shekaru. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya, yanzu iyali biyar ne a ciki, kowa ya ja famfonsa ya huda bango. Magada sun yi yawa, sun warwatse, ba mai ɗaukar nauyin gyara. Ɗan haya ba zai kashe kuɗi a gidan da ba nasa ba. In ma an tashi gyara sai a lafta siminti a kan tsohon bango, ya riƙe danshi a ciki, gyaran gangar Auzinawa. (Na faɗa wa abokina wannan, bai ji daɗi ba.) Gida ɗaya ya faɗi, a bar kangon, ya zama juji, na kusa da shi ya rasa majingina.

Shi ya sa nake cewa gyaran matakala ba aikin ado ba ne. A garin tudu, hanyar mutane ita ce hanyar ruwa. Magudana da bututu duk a ƙarƙashinta suke bi. Wanda ya gyara matakala da abin da ke ƙarƙashinta ya kare harsashin gidajen da ke gefenta biyu.

Mutanen Aljiyas sun san abin da ruwan tudu ke yi in aka raina shi. Ranar 10 ga Nuwamba 2001 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta gangaro kan Bab el-Wad, unguwar da ke maƙwabtaka da Kasba, ta kashe mutum fiye da 700. Kwarin da ruwan ya saba bi an daɗe da rufe shi, an ɗora babbar hanyar mota a kai. Ranar nan ruwa ya bi hanyar motar, ya kwashi motoci da mutanen ciki har bakin teku.

Masu fenti da masu ɗaukar hoto

Akwai wasu da ke gefena a wannan gardama amma ba na jin daɗin zama da su. Su ne masu son matakala don hoto. A shekarun baya matasa sun yi ta shafa wa matakalun Aljiyas fenti kala-kala, kuma niyyarsu mai kyau ce, sun share wuraren da hukuma ta manta. Sai dai fenti ba ya toshe bututu. In matakala biyu da baƙi ke bi suka sha kwalliya, sauran da yara ke bi zuwa makaranta suna zubewa, ba a yi komai ba.

Haka nake kallon masu son a kwashe mazauna a mai da wurin gidan tarihi. Kimanin mutum 50,000 ke zaune a Kasba. Ƙafarsu ce ke hana ciyawa fitowa a matakalun, idonsu ne ke ganin tsagewar bango tun tana ƙarama. A ƙarshen 2018, da aka ji an gayyato shahararren mai zanen gine-gine na Faransa, Jean Nouvel, ya ba da shawara kan farfaɗo da unguwar, ɗaruruwan masana da masu fasaha suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙonsa ya janye. Tsoronsu shi ne a ƙawata wurin har ya fi ƙarfin talakan da ke ciki. Kuma ba su manta ba cewa daga Faransa masu diga suka zo.

Da na koma shagon ranar Litinin na zayyana wa abokina duk wannan, ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Na ji, Malam. Amma Hajiyata da ciwon ƙafarta, ka ce in kai ta can ta zauna?"

Na ce a'a, ba zan ce ba. Amma akwai hajiyar wani da aka haifa a can, ta yi aure a can, kuma gobe da asuba za ta sauko sayen burodi. Na tambaye shi nawa yake sayar da bututun ƙarfe mai inci biyu, irin wanda ake kafawa a bango a riƙa dafawa, da nawa zai ci a jera shi a matakai 400. Ya jawo kalkuleta ya fara dannawa.